Awa Goma Sha Takwas da Rabi

Shekara tara Hafiza ta yi tana sayar da tikitin jirgin sama a wani ofis da ke unguwar Akwa ta birnin Douala a Kamaru, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyarta. A unguwarsu ta New Bell duk mai niyyar zuwa Makka ko Dubai sai ya biyo ta gidansu ya tambaye ta ranar da jirgi ke tashi da inda zai yada zango. Ba ta duba takarda, a ka take riƙe da su. Ko bayan ta ajiye aikin ta koma jinya, mutanen unguwa ba su daina zuwa ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ta yi masa kuskure ba.

Mahaifiyarta, Hajiya Yelwa, dillaliyar albasa ce a Kasuwar Sandaga. Lokacin da take da ƙarfinta, in ta daka tsawa a bakin mota 'yan dako har tuntuɓe suke yi. Ciwon ya ɗauke mata ƙafa da hannun hagu, ya bar mata bakin. Shekara shida Hafiza ke juya ta a gado, tana wanke ta, tana ba ta abinci da cokali, tana kwashe abin da ya fita daga jikinta. A cikin shekarun nan ne Jibirin, wani malamin makaranta a unguwar Cité des Palmiers da ya kai kayan tambayarta, ya gaji da jira ya auri wata.

'Ya'yan Hajiya biyu ne, Hafiza da ƙanenta Saminu, mai kiran ta Adda. Shi yana Guangzhou ta ƙasar Sin, yana sayo wa 'yan kasuwar Douala kaya yana loda musu a kwantena. Tun da Hajiya ta kwanta bai zo ba. Da farko annoba ce ta rufe hanya, daga baya takardun zama, daga baya kuma aiki. Yakan aiko da kaya. Ya aiko da keken guragu wanda ya fi ƙofar ɗakin faɗi. Ya aiko da bargo mai amfani da lantarki, a garin da mutum ke gumi yana cikin wanka. Duk wanda ya zo dubiya sai Hajiya ta sa an ciro bargon daga leda an nuna masa.

"Saminu ne ke riƙe da ni," in ji ta. "Wannan kuwa tana nan dai."

Kusan kullum bayan la'asar, idan jirgi ya ratsa saman unguwar zai sauka, kwanon rufi yana karkarwa, sai Hajiya ta juyo da ido.

"Ke, awa nawa ne ma daga wurinsa?"

"Goma sha ɗaya zuwa Addis Ababa, Inna. Awa uku ana jira. Huɗu da rabi zuwa nan."

"Duka nawa kenan?"

"Goma sha takwas da rabi."

"Nisan fa?"

"Ya haura kilomita dubu goma sha ɗaya."

"To kin ji. Yaron nan da a kusa yake, da ban ga wulaƙancin da nake gani a hannunki ba."

Hafiza takan ɗauki kwanon abinci ta fita tsakar gida.

A watan Agusta, ruwa na zuba kamar ba zai tsaya ba, numfashin Hajiya ya canza. Likitan da ya zo duba ta ran Litinin ya ja Hafiza gefe ya ce mata da Faransanci in akwai wanda za a kira, a kira shi yau. Ta kira Saminu. Ya fashe da kuka a waya kamar yaro.

"Adda, ki nemo mini tikiti. Ko nawa ne. Ke kika san hanya."

Ita ta nemo masa. Jirgin zai bar Guangzhou ran Laraba da biyar da rabi na yamma agogon Douala, ya sauka ran Alhamis da sha biyu na rana. Ta tura masa takardar a waya. Ba wanda ya ga takardar sai su biyu.

Da Hajiya ta ji labari sai ta farfaɗo. Ran Laraba da hantsi ta ce a yi mata wanka, a sa mata shuɗiyar atamfarta, a ƙona turaren wuta a ɗakin. Hafiza ta yi duka. Tana ɗaura mata kallabi Hajiya ta kama wuyan hannunta da hannun nan mai rai, ta matse.

"Idan ya iso ki ba mu wuri. Ki koma ɗakin baya. Ba na son ya shigo ya fara cin karo da wannan fuskar taki."

"To, Inna."

"Kuma na gaya wa kawunki Wakili. Saminu ne zai sa ni a kabari da hannunsa. Abin da nake roƙon Allah kenan. Ke ko a can ba ki da wani amfani, mace ba ta zuwa."

Hafiza ta gama ɗaurin, ta gyara mata matashi, ta tambaye ta ko za ta sha kunu.

Washegari Alhamis, da bakwai da minti goma, saƙon Saminu ya shigo daga Addis Ababa: sun fara shiga jirgi na biyu, zai kashe waya, a gaya wa Inna yana tafe. Hafiza ta karanta tana tsaye a bakin murhu. Ba ta kai ga gaya wa kowa ba ta ji wani irin gurnani daga ɗaki.

Hajiya na kwance idonta a rufin ɗaki, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar. Hafiza ta durƙusa ta riƙe hannunta tana yi mata kalmar shahada. Yatsun tsohuwar suka lalubi nata, suka shafa a hankali, irin shafar da Hafiza ba ta tuna ranar da aka yi mata ita ba.

"Saminu," in ji Hajiya, muryar can ƙasa. "Ka iso?"

Kalma ɗaya ce ake buƙata, kuma Hafiza ta san ta. Idon Hajiya ya riga ya daina gani.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Ni ce, Hafiza. Bai zo ba."

Yatsun suka tsaya. Sannan Hajiya ta zare hannunta, ta mayar da shi kan ƙirjinta. Hafiza ta ci gaba da maimaita shahadar. Ba a yi minti biyar ba numfashin ya ɗauke. Agogon bango ya nuna takwas saura kwata.

Ta rufe mata ido, ta ɗaure haɓar da ƙyalle, ta miƙar da ƙafafun. Sai da ta gama duk wannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarsu Jannatu.

Kafin takwas da rabi gidan ya cika. Kawu Wakili, ƙanen Hajiya, tsohon direban babbar mota, ya zo cikin ruwa da lema a karye. Ya shiga ya ga 'yar'uwarsa, ya fito yana goge fuska da hannun riga, ya kira Hafiza zaure inda liman da wasu dattawa biyu ke zaune.

"Hafizatu, yaron nan yana ina yanzu? Yaushe zai sauka?"

Ta tsuguna a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"In yau ne," Wakili ya ci gaba, "ko zuwa la'asar ne ma sai mu jira shi. Malam ya ce babu laifi. Kin san abin da ta roƙa."

"Gobe ne, Kawu."

"Gobe? Ba Alhamis kika ce ba?"

"Alhamis zai iso Addis. Ran Alhamis babu jirgin da ke zuwa nan daga can. Sai ya kwana, ya taso gobe Juma'a. Yana iya kaiwa yamma."

Wakili ya ciro wayarsa ya kira lambar Saminu. A kashe. Ya sake kira. Ya dubi liman.

"Ba za a ajiye ta har gobe da yamma ba," in ji liman. "Ga zafi, ga ruwa. Haƙƙinta ne a gaggauta."

"Kin tabbata, Hafizatu?"

"Kawu, ni na saya masa tikitin."

Ba wanda ya ƙara tambaya. Aka aika masu haƙa, aka sa sallah ƙarfe sha ɗaya.

Hafiza ta shiga cikin masu wanka. Ita ta nuna wa Jannatu da tsohuwar da ke jagorantar wankan yadda ake juya jikin ba tare da an murɗe kafaɗar hagu ba. Matan da ke tsakar gida suna ta cewa Allah Ya ba yarinyar nan haƙuri, dubi yadda ta daure.

Sha ɗaya da 'yan mintuna aka sallaci gawar a ƙofar masallacin unguwa, aka sa ta a mota zuwa maƙabartar da ke gefen filin jirgi. Hafiza ta zauna a tabarma cikin mata tana amsa gaisuwa. Wayarta na cikin zani, a kan cinyarta. Sha biyu saura minti biyar rufin ya fara karkarwa, ƙarar ta taso daga nesa ta cika gidan har mata suka dakata da magana, sannan ta wuce. Hafiza ta ɗauki carbinta da ya faɗi.

Maza suka dawo da laka har gwiwa. Suna wanke ƙafa a bakin zaure wayarta ta yi ƙara. Ta bar ta ta katse. Ta sake yi. Sai ta ji wayar Wakili ta yi ƙara a waje, ta ji muryarsa ta tashi.

"Kana ina? Wane filin jirgi? Na Douala?"

Daga filin jirgi zuwa gidansu ba ya kai minti goma sha biyar a bensikin, wato babur ɗin haya. Saminu bai jira akwatinsa ba. Ya sauko daga bayan babur da ƙaramar jaka a kafaɗa, rigarsa a jiƙe, ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya ga lakar da ke ƙafar mutane. Ya tsaya a tsakiyar layi. Ya yi ƙiba, gashinsa ya fara ja baya, har wasu ba su gane shi ba sai da ya buɗe baki.

"Kawu, ina take?"

Wakili ya shiga cikin gida da takalminsa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a kan Hafiza a gaban mata sama da talatin.

"Kin ce gobe."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kin dubi idona, a gaban liman, kin ce gobe."

"Na ce."

"Kuskure kika yi?"

Jannatu ta taɓa ta a gwiwa, tana roƙonta da ido ta ce e. Da ta ce e, da an karɓa, ko da ba a yarda ba.

"A'a, Kawu. Ban yi kuskure ba."

Wata tsohuwa ta saki salati. Wakili ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama, sannan ya sauke. Ya juya ya fita ya kama Saminu, wanda ya riga ya zube a zaure, ya ce a kawo mota a kai shi maƙabarta.

Sai bayan la'asar suka dawo. A lokacin rabin matan sun watse, sauran sun ja tabarmarsu zuwa ɗaya gefen tsakar gidan. Saminu ya wuce su ya shiga ɗakin Hajiya. Hafiza na ciki tana cire zanin gado. Ya rufe ƙofa. Gwiwoyin wandonsa duk jar laka ne, har da goshinsa.

"Awa ɗaya, Adda," ya ce. "Awa ɗaya kawai. Ina sama ina kallon unguwar nan ta taga. Ashe a lokacin ƙasa ake zuba mata."

Ta ci gaba da naɗe zanin.

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Shekara shida ba ka yi komai ba."

"Kin san nisan wurin nan. Ke kika fi kowa sani."

"Na sani. Na kuma san nisan Legas." Ta ajiye zanin a kan katifa. "Awa ɗaya da rabi ne daga Legas zuwa nan, Saminu. Bara ka zo Legas a watan Maris, ka yi kwana tara. Bana ka sake zuwa bayan ƙaramar sallah. Wanda ya raka ka kasuwa a can, a ofis ɗinmu na da yake sayen tikiti. Har hotonku na gani."

Saminu ya kawar da kai.

"Kullum sai ta tambaye ni awa nawa ne. Kullum sai na lissafa mata."

"Ban iya ganinta a haka ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban iya ba. Na sayi tikitin Douala sau ɗaya, na je har filin jirgi, na koma."

"Ni na iya, ko?"

Ya zauna a bakin gadon, ya riƙe kansa. Can ya ɗago.

"Ta sani? Zancen Legas, ta sani?"

Hajiya ba ta taɓa sani ba. Wata goma sha bakwai Hafiza na riƙe da maganar, kuma ko a ranakun da aka watsa mata kunu a fuska ba ta faɗa ba. Ta dubi ƙanenta.

"Na gaya mata yau da safe," ta ce. "Shi ne abu na ƙarshe da ta ji."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Ya miƙe ya dafa bango, ya daɗe a haka yana ba ta baya. Da ya juyo hawayen sun tsaya.

"Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce," ya ce, "Jibirin bai gaji ba. Ya kira ni sau uku. Ya ce zai kama gida a nan New Bell, ki riƙa kwana wurin Inna in ya kama, shi ya yarda. Ni na ce masa kin ce ba kya sonsa, kunya ce ta hana ki faɗa. Na ce ya nemi wata." Ya ɗauki jakarsa. "Na san in kika yi aure, wata rana za a ce in dawo."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar ta a buɗe.

A gidan Wakili ya sauka. Can aka koma karɓar gaisuwar maza, can aka yi sadakar uku. Matan unguwa suka riƙa kai abincinsu can. Jannatu kaɗai ke shigowa wurin Hafiza, ita ma takan ajiye kwano ne a bakin ƙofa ta ce tana da aiki. Ran kwana na biyar Saminu ya koma. Wani ɗan Wakili da ke aiki a unguwar Kotto ne ya saya masa tikitin. Bai zo sallama ba.

Bayan sati biyu Hafiza ta sa hijabi ta tafi gidan Wakili. Ta same shi a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai dube ta ba.

"Kawu, ina so a nuna mini inda aka sa Inna."

"Me za ki yi a can?"

"Addu'a."

"Ki yi daga gida. Tana isa."

"A wane layi take? Ko kwatance ne ka yi mini."

Ya ajiye sukudireban, ya dube ta a karo na farko tun ranar.

"Saminu ya roƙe ni abu ɗaya kafin ya tafi, na kuma yi masa alkawari. Na gaya wa duk wanda ya je rakiyar. Ba wanda zai nuna miki."

Ta je wurin liman, ya ce wannan maganar dangi ce, ba zai shiga ba. Ta tambayi mijin Jannatu, ya ce ranar ruwa ake yi, bai lura ba.

Ran wata Talata da safe ta hau bensikin ita kaɗai. Mai gadin maƙabartar, wani dattijo Bakanuri mai ido ɗaya, ya ce mata ba a cika barin mata su shiga ba, amma tunda babu kowa ta yi sauri. Ta gaya masa ranar da sunan. Ya girgiza kai, ya ce shi ba ya riƙe suna, kuma a makon nan an kawo mutane da yawa. Ya kai ta can ƙarshe, kusa da katanga, ya nuna mata da sandarsa.

Kaburbura goma sha ɗaya ne sababbi a jere, ruwa ya zaizaye su duka sun zama iri ɗaya. Biyu na da allon katako da suna, ba nata ba. Sauran tara ba komai sai reshen itace da aka kafa a kai.

"Babba ce ko ƙarama?" in ji mai gadin. "Wani lokaci tsawon yana nunawa."

"Doguwa ce. Amma ta rame."

Ya bi layin da idonsa, ya ɗaga kafaɗa.

Hafiza ta taka daga na farko zuwa na ƙarshe, ta dawo. Laka ta riƙe mata takalmi ɗaya, ta cire shi ta riƙe a hannu. Ta tsaya a gaban na huɗu ta ɗaga hannu, ta fara, sai ta ga na biyar ya fi shi tsawo, ta matsa can. A can ma ba ta kai ƙarshen addu'ar ba.

"Baiwar Allah, ki hanzarta," mai gadin ya ce daga bayanta. "Ga wasu can sun kawo gawa."

Ta juya ta ga motar tana shigowa ta ƙofa, maza na biye da ita. Ta ja hijabinta ta rufe fuska, ta bi ta jikin katanga ta fita da takalmin a hannu.